Waƙar Premier Gaou ta haura shekara 25 amma har yau ita ke tada biki, mi ya sa?

Dan_Wadata79
Salamu alaikum ƴan uwa. Wani abu na gani jiya asabar na ce sai na kawo shi nan. Mun je bikin ɗiyar ƙanwar matata can Lazare, an kafa tanti bakin titi an hayo kujeru da sono kamar yadda aka saba. Tun la'asar mai sono ke ta sakin waƙoƙin yanzu, na Najeriya da na Abijan da amapiano, yara ne kawai ke ɗan motsawa, manya kowa na zaune yana danna waya. Wajen tara da rabi na dare sai ya saki Premier Gaou ta Magic System, mawaƙan nan na Abijan. Wallahi kafin jagoransu A'salfo ya buɗe baki fili ya cika. Gwaggon amarya da tun zuwanmu take kukan ciwon gwiwa ita ta fara miƙewa ta ɗaure gyale a ƙugu, ga jikokinta da ko auren uwayensu ba a yi ba sadda waƙar ta fito suna bin ta baiti baiti. Sau uku aka sa shi ya maimaita.
Ni dai ra'ayina ba a sake yin waƙar rawa da ta kama ƙafarta ba a ƙasashen nan namu, kuma ban ga alamar za a yi ba, don waƙar yanzu wata uku ne an manta da ita. Ko ni ne tsufa ya kama nake ganin haka? Ku faɗa mini gaskiya.

Ɗan_Adar
Wa alaikumus salam. Yaya ka sosa mani inda ke ƙaiƙayi. Mu Tawa ba ga radiyo munka hwara jin ta ba, cikin jikkar ƴan kurmi ta zaka. Kowa ya san Adar, da an gama girbi samari sun tahi Abijan cin rani sai gab da damana. Yayana garba yake saidawa Ajame, acheke da soyayyen kihi, sana'ar da mutanenmu sunka riƙe can har sunan abincin ma na mutanenmu ne. Shekarar 2000 ya dawo da atamhwar inna da rakoda mai bakin kaset biyu da wanga kaset. Fadarmu ta Bilbis kullum bayan isha'i ana dahwa shayi ana sa ta, in pil ya yi sanyi mu shanya shi ga rana, kuma da bik muke maida kaset baya don kar mu ci pil. Ba mu jin faransanci sosai balle nushi, yaren titi na samarin Abijan, shi ke zama tsakiya yana fassara muna layi layi, yana cewa wagga unguwa da sunka ambata na san ta, wagga hanya na bi ta da ƙahwata. Mu ƙanana muna jin kamar mun tahi Abijan mun dawo.

Kabukabu_Talaje
ai 2002 ta fito ba 2000 ba, na tuna ina CM2 aka riƙa nuna ta a tele

Malamin_Harobanda
Kabukabu ku duka kuna da gaskiya, sau biyu waƙar ta tashi. Asalinta 1999 ta fito a Abijan, kafin nan sun yi wani kaset a 1997 bai karɓu ba. Su huɗu ne, A'salfo da Goudé da Tino da Manadja, yaran Anumabo, unguwar talakawa ce cikin Markori. Kiɗan kuma zuglu ne, wanda ɗaliban jami'a suka haifar a ɗakunan kwanansu na Yopugon farkon shekarun 1990, da shi suke faɗin yunwa da rashin burs da cunkoson ɗaki. Wadda ka gani a 2002 ita ce tashi na biyu, bayan wani DJ Bafaranshe mai suna Bob Sinclar ya sake mata kiɗa, ta shiga sahun gaba a Faransa. Amma Ɗan_Adar bai yi kuskure ba, kafin Turawa su san da ita mu nan mun riga mun cinye kaset ɗin.

Kabukabu_Talaje
to na gode malam, ashe mu a baya muka zo

Sono_Lazare
Dan_Wadata ina jin ba ni ne na bikin ba don jiya ina Banifandu, amma abin da ya yi shi kowane mai sono ke yi. Shekara 14 ina wannan aiki. Waƙar nan ba a sa ta da wuri, ajiye ta ake yi sai an ci abinci, sai ka ga uwayen biki sun fara tattara jakunkuna suna neman takalmi, to nan ne za ka sake ta ka riƙe su minti talatin. In ka sa ta tun biyar na yamma ka kashe kanka don ba ka da abin da za ka ɗora a kai.
Abin da na lura da shi kuma, ba ta da rawar dole. Waƙoƙin yanzu kowace da takunta, in ba ka koya a TikTok ba kunya za ta hana ka shiga fili. Wannan ko mai hijabi ko mai babbar riga ko tsoho mai sanda, kafaɗa kawai zai kaɗa ya shiga. Ga amshi, mutum ɗaya ya bayar jama'a su karɓa, irin dai na waƙar gaɗa da ta daka da muka tashi da su. Ni nan nake ganin asirin yake.

Maman_Nana
Ni fa ina son waƙar amma bari in faɗi abin da ke raina tun ina budurwa. Shekara 25 ana zagin Antu, budurwar mawaƙin a cikin waƙar, a kowane biki, wai ta gudu da ya talauce ta dawo da ta gan shi a tele. To ku maza nawa ne cikinku suka yi kuɗi suka bar wadda ta sha gari da su? Wa ya yi musu waƙa? A lise in kika ƙi saurayi sai abokansa su bi ki suna rera miki ita har bakin gida, ni an yi mini, ban kuwa ci dalar kowa ba. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka mamata tana tambayata mi ya faru na kasa faɗa mata. Mu mata ne muka fi cika fili in an sa ta, amma ku sani akwai wadda ke rawa tana tuna wannan.

Dan_Wadata79
Hajiya wallahi ban taɓa kallon ta ta wannan gefe ba. Allah ya ba ki haƙuri, yarinta ce.

Ɗan_Adar
Maman_Nana gaskiyarki, amma ni yadda yayana ya fassara muna ba mace ce zancen ba, talauci ne. Mutumin da anka raina yana da rai ya ga ranar da za a zo neman shi. Gawu ai baƙauye ne wanda ake cuta, cutar hwarko ba laihinka ba ce, in an maimaita ne ka zama wawa. Ɗan cin rani da ya kwana kan kwali bakin kasuwa ana ce mai gawu don bai iya faransanci ba, shi wannan yake ji a ciki, ba Antu ba.

Maman_Nana
To Allah ya sa haka kowa ya ji ta ƙanena, amma samarin Yamai na lokacin ba haka suka ɗauke ta ba

Zee_227
Baba Dan_Wadata da girmanka amma ban yarda waƙar yanzu wata uku ce ba 😊 ni 2004 aka haife ni kuma na iya Premier Gaou daga farko har ƙarshe, amma ba don ta fi namu ba, don kullum ana sa ta ne. Ku ne ke da kuɗin hayar sono yanzu, ku ne uwayen biki, dole mai sono ya sa abin da zai sa ku liƙa masa kuɗi. Ku bari nan da shekara 20 in mu ne uwayen amarya ku ga abin da za a sa. Lokacin CAN, gasar ƙwallon Afirka, ta Abijan farkon 2024 duk Yamai Coup du marteau ake yi, har ƴan ƙwallo a fili, ita ma za ta daɗe in sha Allah

Sono_Lazare
Zee ɗiyata kin faɗi rabin gaskiya, wanda ke liƙi shi ke zaɓen waƙa, wannan ba musu. Amma Coup du marteau da kike faɗi yanzu in na sa ta ba ta tada fili kamar lokacin gasar. Kuma abin mamaki waƙar CAN ɗin ta hukuma Magic System ɗin nan ne suka yi ta da Yemi Alade da wani Bamisire, aka kashe mata kuɗi aka buɗe gasa da ita, amma jama'a suka bi Coup du marteau ta yaran Tam Sir. Su kansu ba su iya sake yin irin ta 1999 ba da gangan. Abin nan ba a shirya shi.

Malamin_Harobanda
Sono a nan zan ɗan ja da kai. Sun sake samun wata ai, Magic in the Air ta 2014 da suka yi da Chawki ɗan Maroko, wadda ake sawa duk sadda Faransa ta ci ƙwallo a kofin duniya na 2018 a Rasha. Ta fannin kuɗi da yawan masu ji ba ƙarama ba ce. Sai dai na yarda ba tamu ba ce kamar ta farko, don filin ƙwallon Turai aka ɗinka ta, babu labari a ciki babu unguwa babu yunwa. Ni abin da ya fi burge ni da su ba waƙa ba ne ma, bikin kaɗe-kaɗe ne mai suna FEMUA da suka kafa a 2008 cikin unguwarsu Anumabo, kowace shekara manyan mawaƙa su zo talaka ya kalla kyauta, kuma suna gina lakwal da abin da aka samu. A 2012 UNESCO ta naɗa A'salfo jakadanta. In ana zancen abin da waƙa ta bari a baya to ajin da yaro ke zaune ciki yau yana cikin lissafi.

Abu_Sumayya
Ƴan uwa ku yi mini uzuri ni ba na cikin masu murna da wannan. Abin da Dan_Wadata ya ba da labari, tsohuwa mai jikoki ta ɗaure gyale a ƙugu gaban surukai a bakin titi, maza da mata a cakuɗe, ni baƙin ciki ya ba ni. Ga tare hanya, ga sono har sha biyun dare maƙwabci na da marar lafiya. Shekara 25 muna haddace waƙar Abijan, yaran da ke bin ta baiti baiti a tambaye su izu nawa suka riƙe. Ba zagi nake ba, tunatarwa ce, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Dan_Wadata79
Amin malam. Zancen sono da dare ina bayanka ɗari bisa ɗari, mu ma sha ɗaya aka kashe. Gwaggon kuwa cikin mata take, kuma baiwar Allah ce mai yawan ibada, farin cikin aurar da ɗiya ne ya ɗauke ta. Na karɓi tunatarwa.

Tsohon_Buwake
Na daɗe ina karanta ku ban yi niyyar magana ba. Ni in an sa waƙar nan a biki fita nake yi. A Buwake ta Kodibuwar aka haife ni, babanmu ɗan Keita ne yana da shagon kayan masarufi kusa da babbar kasuwa, gefenmu akwai mai saida kaset wanda daga safe har dare ita yake sawa, shekara biyu cur. Ranar 19 ga Satumba 2002 muka tashi da ƙarar bindiga, yaƙi ya ɓarke. Mun yi kwanaki a kulle cikin gida, daga baya muka fito da abin da hannu ke iya ɗauka, muka bi ta arewa muka ratsa Burkina cikin kamyo har Yamai sannan Tawa. Shagon ba mu sake ganin shi ba. Baba bai ƙara komawa ba har Allah ya ɗauki ransa, kullum yana zaune ƙofar gida yana lissafin bashin da mutane ba su biya shi ba. A shekarar ne kuma waƙar ke tashe a Faransa. Ba na ƙin ta, ina ma son ta, amma da na ji farkon kiɗan sai in ga layinmu da rumfar mai kaset da baba yana auna sukari. Don haka in kuna tambaya mi ya sa ba ta mutu ba, a wurina don ita kaɗai ta rage mini daga garin.

Maman_Nana
Allahu akbar. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta.

Ɗan_Adar
Allah shi gafarta mai. Ɗan uwa gidaje nawa ne Adar sunka ga irin wanga, yayana ma shekarar ya dawo hannu wohi, sai 2004 ya koma.

Abu_Sumayya
Allah ya yi masa rahama ya mayar muku da alheri

Bakano_a_Yamai
Allah ya jiƙansa. Ni daga Kano nake ina kasuwanci a Katako. Kada ku zaci ku masu faransanci kaɗai kuka sha ta, a Najeriya ma ta yi tashe sosai, a Sabon Gari kowane shago ita da su Awilo, mu duk makosa muke ce musu ba mu san wani zuglu ba, ba ma jin ko kalma ɗaya amma ana rawa. Sai dai maganar ba a yi kamarta ba, ina kuka bar Jaruma ta Hamisu Breaker? A 2020 lokacin kullen korona matan aure suka dinga ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa, malamai suka yi ta magana, har nan Yamai na zo na tarar da ita a kowace waya. Wannan da harshenmu ce kuma har yau ana sa ta a kamu.

Zee_227
yauwa kawu faɗa musu 👏 ga Jerusalema ma, duniya gaba ɗaya ta yi rawarta har likitoci da ƴan sanda

Sono_Lazare
Jaruma tana aiki har yanzu wannan gaskiya ne Alhaji, amma a bikin Hausawa. In na je bikin Zabarmawa ko na Buzaye ko wanda aka gayyato ƴan Togo da Benin na ofis, ba kowa take tayarwa ba. Premier Gaou ba ta kowa ba ce a nan shi ya sa ta zama ta kowa, ba wanda zai ce an fifita yaren wani. Jerusalema kuwa Zee, rawar layi ce, sai an jeru an ƙirga taku, dattawa ba sa shiga. Kuma ita tashinta da zaman gida na korona ya zo, da aka buɗe gari ta fara sanyi.

Malamin_Harobanda
Tunda an ambaci Jerusalema, akwai darasi a ciki kan haƙƙi. Master KG ne da Nomcebo Zikode, ƴan Afirka ta Kudu, ƙarshen 2019 ta fito, wasu matasa a Angola ne suka yi mata rawar da faranti a hannu ta bazu. Amma a 2021 ita Nomcebo da ta rera ta fito fili ta ce ba a biya ta ba. Waƙa na iya zaga duniya mai ita bai gani a aljihu ba. Kaset ɗin yayan Ɗan_Adar ma ina da tabbacin an kwafe shi ya fi sau ashirin a Bilbis.

Ɗan_Adar
Malam ai don haka anka sayo rakoda mai baki biyu, duk wanda ya kawo kaset wohi sai mu zuba mai. Lokacin ba mu san akwai haƙƙin wani ciki ba wallahi.

Hadiza_Yantala
Ni abin da ke ci mini rai duk hirar nan ta waƙar wasu ce. Abijan, Kano, Afirka ta Kudu. Mu fa? Muna da Tal National da ke kwana suna kiɗa a garin nan har Amurka sun je, muna da Mamar Kassey, muna da Sogha, ga gasar Dan Gurmu da ake yi a Tawa. Mi ya sa ba mu da waƙa ɗaya da za a sa a biki a Duwala ko Dakar mutane su miƙe? Ba baiwa muka rasa ba. Mu ne ba ma ɗaga namu, mai sono zai sa goma na waje kafin ya sa ɗaya ta gida, in mawaƙi ya yi konser a gidan al'adu na CCOG sai kowa ya nemi shiga kyauta.

Sono_Lazare
Hajiya Hadiza kar a ɗora mana duka, abin da aka roƙa muke sawa. Ni ko yaushe ina sa Tal National kuma ana rawa sosai. Amma fita waje wani abu ne daban, Abijan na da situdiyo da masu zuba kuɗi da ƴan uwansu cike da Paris masu kai waƙa gidajen rawa, mu wa zai kai tamu?

Malamin_Harobanda
Akwai waɗanda suka fita fa. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, waƙoƙinsa ta katin waya da bulutut suka bi Sahara hannu da hannu kafin wani Ba'amurke ya ji ya neme shi, yau yana zaga Turai da Amurka. Bombino na Agadas ma haka. Sai dai su masu son gita ne ke sauraron su, ba irin waƙar da kowa da kowa ke amshi ba.

Hadiza_Yantala
To shi ne ai malam, sai Bature ya ɗauka sannan mu waiwaya

Dan_Wadata79
Hadiza ban yarda da wannan a kan Premier Gaou ba, malam ya faɗa a sama, mun riga Turawa da shekara uku. Na karanta duka kuma na sassauta a wani wuri, Zee ta gaya mini gaskiya cewa ƙuruciyata nake ji a ciki, Tsohon_Buwake kuma ya sa na yi shiru na daɗe. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini wannan: a shekarun nan waƙoƙi nawa muka yi rawarsu, kupe dekale ta su Douk Saga ta zo ta share gari, ndombolo ta zo, duk ƙuruciyarmu ce su ma, mi ya sa in an sa su yau mu kaɗai ke tashi yara na kallonmu, ita kuwa har da yaran?

Zee_227
baba saboda tana da dariya, wurin da Antu ta ce kaza take so shi kuma ya ce sai dai kada, ko ƙanena ɗan shekara 8 yana jiran wurin

Kabukabu_Talaje
ni fasinja in na ɗauko tsohuwa ko yarinya ita nake sa musu a ƙaramar baf ɗina ba wadda ta taɓa cewa kashe

Ɗan_Adar
Kun sa na kira gida. Inna ta ce kaset ɗin na nan cikin akwatinta tare da hotunan yaya, rubutun bik ɗin shi ma bai goge ba. Wa ya san mai iya juye kaset zuwa waya nan Yamai? Na san akwai ta YouTube amma wanga nike so, akwai inda zaren ya tauye yana ɗan ja, nan ne yaya ke tsayawa ya yi muna bayani.

Bakano_a_Yamai
Kawo shi Katako wajen masu gyaran radiyo akwai wani dattijo da ke da tsohuwar rakoda mai aiki. Amma kar ka sa shi kai tsaye, zaren da ya shekara 20 a akwati mannewa yake, a fara juya shi da bik a hankali tukuna.

Sono_Lazare
In ka juye ka turo mini Ɗan_Adar, asabar mai zuwa ina da biki a Bukoki na mutanen Illela ne